Ragon Inna da kwana 21

A hutun da muka samu bara, ana saura wata biyu Sallar Layya, na je ƙauyenmu da ke arewa da Tasawa. Inna, ƙanwar mahaifiyata wadda ta riƙe ni tun ina ɗan shekara 6, kowace shekara tana turka rago guda. Bayan kaka take sayo shi, ta ɗaure shi a bayan ɗakinta, ta yi ta ɗura masa harawa da dusa da ƙasari har Layya ta matso, sannan ta sayar. Ragon nan shi ne asusunta. Shekara uku ke nan kuɗin rajistata na jami'a da kuɗin motar komawa Yamai daga turken nan suke fitowa.

Kwana biyu da zuwana ragon ya ƙi cin abinci. Majina ta toshe masa hanci, ga zawo. Ranar kasuwa Inna ta aika aka kirawo wani mutum da ke baza magungunan dabbobi bisa tabarma kusa da ƴan goro. Ba likitan dabbobi ba ne, amma shi kowa ke kira, don ma'aikacin kiwo na gwamnati yana can nesa, sai an biya masa man moto. Mutumin ya dubi ragon sama da ƙasa, ya ƙiyasta nauyinsa da ido, ya zuƙo wani ruwa mai kalar zuma daga kwalba ya soka masa a cinya. Mu ƴan lakkol kun san halinmu, ko takardar ƙosai muka gani sai mun karanta. Na ɗauki kwalbar na juya ta. Oksitetarasikilin ce, kuma can ƙasa an rubuta da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, cewa kada a ci naman dabbar da aka yi wa wannan allura sai bayan kwana 21. Na karanta, na gane, na miƙa masa kwalbarsa.

Bayan kwana uku ragon ya kwanta ya kasa tashi. Da asuba Inna ta tashe ni ta ce: «Ɗan nan, je ka kirawo mini mahaucin nan. In muka ƙara kwana biyu, mushe za mu ja zuwa bayan gari.» Na je na kira shi. Ragon da muke sa ran jika 120 a kansa ranar jajibiri, aka sallama shi jika 55. Ni na riƙe igiya har ƙofar gida. Washegari kasuwar ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ke ci, kuma na san inda tsiren ranar ya fito. Da zan koma, Inna ta ƙirga jika 35 ta danƙa mini. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya.

Tun ranar nake tambayar kaina: an yi laifi a cikin cinikin nan? In an yi, a wuyan wa yake? Na kawo tambayar cikin wannan ɗan littafi namu don na san ba ni kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu awaki da tumaki ne suka kawo mu jami'a, kuma zai yi wuya a rasa wanda ya taɓa karanta wani abu a jikin kwalba ya ja bakinsa ya yi shiru.

Bari mu fara da abin da ke cikin naman, tunda ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gane ba. Abu biyu ne, kuma mutane kan cakuɗa su. Na farko ragowar maganin kansa. Allurar da aka yi wa ragon irin mai daɗewa a jiki ce. Tana zama a tsoka da hanta da ƙoda, tana fita sannu a hankali, kuma kwana 21 ɗin nan su ne lokacin da jikin dabba ke buƙata ya tace ta. Dafuwa ba ta cinye ragowar duka.

Na biyu ya fi na farko cin dogon zango. A cikin hanjin kowace dabba, har da namu, akwai bakteri da ba su ƙirguwa, mafi yawansu ba su cutar da kowa. Idan antibiyotik ya shiga, sai ya share waɗanda ba su da kariya, ya bar ƴan tsirarun da suka zo da wata dabarar kauce masa. Daga nan fili ya zama nasu. Bakteri irin E. coli, in ya samu ɗumi da abinci, cikin minti 20 yake rabuwa biyu. Ku yi lissafi: guda ɗaya tak, bayan awa 7, ya wuce miliyan 2. Kuma suna ba juna aron dabarar kamar yadda muke ba juna aron kaye ana gobe jarrabawa. Wani ɗan guntun gado ne ke tsallakawa daga wannan bakteri zuwa wancan, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, sai marar cutarwa ya koya wa mai cutarwa.

Ranar yanka, in aka farke ciki, abin da ke cikin hanji yakan taɓa wuƙa da hannu da tebur da naman kansa. Wuta tana kashe bakteri, mai jin magani da marar ji, matuƙar nama ya dahu har cikinsa. Saboda haka tsiren da ya gasu sosai ba shi ne babbar ƙofa ba. Ƙofar ita ce wuƙar da ta yanka ɗanye ta koma ta yanka gasasshe, da albasar da ake yayyankawa a kai, da hannun da ya wanke nama ya juya ya dama wa yaro fura, da ƙudan da ke kai da kawowa tsakanin tumbi da faranti. Wanda ya haɗiye su ba lalle ne ya kwanta ba. Suna iya zama a cikinsa wata da watanni shiru. Sai ranar da ciwon mafitsara ya kama shi, ko aka yi wa mace aiki wajen haihuwa, ko cuta ta shiga jinin jariri, likita ya rubuta maganin da ya saba aiki, a sha, a jira, a ga babu sauƙi.

Kada wani ya ɗauka wannan damuwar Turawa ce. A 2022 mujallar likitanci The Lancet ta fitar da wani babban ƙiyasi: a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakterin da suka daina jin magani. Adadin ya fi na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a wannan shekara, ya fi na sida. Yankin da abin ya fi yi wa ɓarna kuwa shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27 cikin kowane dubu 100. Mu ke nan. A nan Maraɗi ma, wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan yara masu tamowa da ake kwantarwa jinya ya gano kusan ɗaya cikin uku sun iso ne da irin bakterin nan a hanjinsu, masu karya manyan magungunan da asibiti ke taƙama da su, tun kafin a ba su gado. Binciken bai ce daga nama suka samo su ba, ni ma ba zan ce ba. Ruwan sha marar tsabta, da rashin salga, da shan magani barkatai, duk manyan hanyoyi ne. Nama ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi.

Amma ƙofa ce ta gaske, an kuwa gani da ido. A ƙarshen 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka ba da labarin wani guntun gado da suka sa wa suna mcr-1, mai hana kolistin aiki. Kolistin magani ne da likitoci ke ajiyewa sai an rasa na yi. Sun same shi a jikin aladu, sun same shi a ɗanyen naman alade da na kaji da ake sayarwa a kasuwa, sun kuma same shi a jikin majinyata a asibiti. Dalili, an daɗe ana zuba kolistin cikin abincin dabbobi. Kafin a yi nisa aka riƙa gano shi a ƙasa bayan ƙasa, kuma a 2017 Sin ta hana sa shi a abincin dabbobi. Ita wannan al'ada a Amurka ta faro wajajen 1950, lokacin da aka lura cewa ɗan antibiyotik kaɗan a cikin abinci yana sa kaji da aladu saurin ƙiba. Suwidin ta haramta hakan a 1986, Tarayyar Turai ta bi baya a 2006. Duk da haka masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a duniya dabbobi ake ba. Shi kansa Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure shi.

Yanzu ku bar ni in shiga gonata, wato harshe. Bahaushe gwani ne wajen tantance nama. Muna da halas da haram, muna da yankakke da mushe. Muna da ɗanye, da kwantai, da wanda ya fara bashi, da ruɓaɓɓe. Tsohuwa ta danna nama da yatsa ta gaya maka na maraƙi ne ko na tsohuwar saniya. Waɗannan kalmomi da ido da hanci da yatsa aka gina su, sai halas da mushe waɗanda suka dogara ga shaida: wa ya yanka, ya ambaci sunan Allah, da sauran rai a jikin dabbar? Naman ragon Inna ya ci duk wannan jarrabawa. Da ransa aka yanka shi, an fuskantar da shi alƙibla, ja ne jawur, ba ya wari. A cikin kalmomin da muka gada babu gurbin da za a ajiye aibinsa. Abin da ba shi da suna kuwa da wuya a tsawata wa wani a kansa. Ba ka cewa «haba malam, ba ka jin kunya» a kan abin da kai kanka ba ka iya ambata ba.

Dubi kalmar magani ita kanta. Sassaƙe magani ne, laya magani ce, farasetamol magani ne, antibiyotik ma magani ne, duk tukunya ɗaya. A bakin tebur ɗin mai sayarwa da launi ake kiransu: a ba ni ja da baƙi, a ba ni ja da rawaya. Babu abin da ke nuna wa mai saye cewa ɗaya daga cikinsu dabam yake, cewa duk lokacin da aka yi amfani da shi ana rage masa kaifi ne ga kowa da kowa.

Amma jimlar da ta fi damuna ita ce wadda muke faɗa idan magani ya ƙi aiki: «Ai jikina ya saba da shi.» Ku dube ta da kyau. Wa ke aikata aikin? Jiki. Jikin wa? Nawa. Jimlar ta riga ta yanke hukunci cewa matsalar ta mutum ɗaya ce, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. In haka ne, ina ruwan wani da kafso nawa na sha, ko allura nawa na yi wa akuyata? Gaskiyar magana kuwa jiki bai saba da komai ba. Ƙwayar cutar ce ta canza, ita kuwa ba ta da ubangida, ba ta san katanga ba. Jaririn da aka haifa jiya, bai taɓa lasar ko rabin kafso ba, yana iya kamuwa da ita. Muna da wata jimlar da ta fi kusa da gaskiya: «Ciwon nan ba ya jin magani.» Ginin ta ɗaya da «yaron nan ba ya jin magana». Kowa kuwa ya san yaron da ba ya jin magana ba a gidan ubansa kaɗai yake ɓarna ba.

To, mu koma ga tambayar. Mu jera su ɗaya bayan ɗaya.

Inna ba ta karanta Faransanci, ba kuma wanda ya taɓa gaya mata. Dabbarta ta yi ciwo ta nemo mata magani, da abin ya gagara ta hana dukiya zama mushe. A tarbiyyar da ta tashi a ciki wannan shi ne hankali, barin rago ya mutu a turke kuwa shi ne sakaci. Da sani da niyya ake auna laifi, ita kuwa ba ta da ko ɗaya.

Mai allura ya fi ta sani, amma da me? Bai auna nauyin ragon ba, bai san cutar da ke damunsa ba. Majina da zawo a jikin tumaki da awaki suna cikin alamun annobar nan ta ƙananan dabbobi wadda birus ke kawowa, antibiyotik kuwa ba ya kashe birus. Ita kanta kwalbar bai san ingancinta ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2017 kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar cikakken ƙarfi. Laifinsa shi ne yana sayar da sanin da ba shi da shi. Uzurinsa shi ne, in an kira, shi kaɗai ke zuwa.

Mahauci ya san ragon ba shi da lafiya, shi ya sa ya karya farashi. Bai tambaya ko an yi masa allura ba, kuma ƙin tambaya ma wani zaɓi ne. A ƙa'idar ciniki ta Musulunci wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Sai dai mutum aibin da ya san aibi ne yake bayyanawa. Ko a manyan mahauta na birni, inda ma'aikaci ke duba hanta da huhu kafin ya buga hatimi, ido ba ya ganin bakteri, balle ya gane mai jin magani da marar ji. Wannan aikin labo ne. Babban labon dabbobi na ƙasa, LABOCEL, hedikwatarsa tana Yamai, kusan kilomita 800 daga turken Inna.

Sai manyan gidajen kiwo na ƙasashen da suka ci gaba, waɗanda suka shekara 70 suna zuba magani da buhu don riba. Idan aka auna abin da suka kwarara da abin da Inna ta saya, ko ɗigo bai kai ba. Su suka fi shan romon, mu muka fi binne gawa. Wannan rashin adalci ne, a faɗe shi. Amma kada mu ɓuya a bayansa, don gidajen kajin da ke ƙaruwa a gefen Yamai da Maraɗi da Damagaram su ma da yawa sun ɗauki wannan ɗabi'a: tun kaji suna ƴan tsaki ake kaɗa musu garin magani a ruwan sha, ba don suna ciwo ba, don kada su yi.

Kun ga inda muka iso. Kowa da uzurinsa, kuma kowane uzuri yana da ƙamshin gaskiya. In ka tara su duka, sai ka samu yaro ya mutu a gadon asibiti babu wanda ya kashe shi. Kowa zai ce allura ɗaya me za ta ƙara, kuma in don ita kaɗai ce bai yi ƙarya ba. A nan ne wasu abokaina ke cewa to ashe babu laifi, ƙaddara ce kawai. Ni ban yarda ba, dalilina kuwa daga gida na samo shi.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda burtali ke mutuwa. Ba a taɓa yin ranar da wani ya fito ya ce yau zan toshe hanyar shanu ba. Wannan manomi ya ƙara kunya ɗaya bana, na gefensa ya ƙara ɗaya baɗi, kowa na cewa kunya ɗaya me za ta rage. Bayan shekara 20 garke ya zo ya rasa wurin bi, shanu su faɗa gona, a zare takobi. Idan haka ta faru mutanenmu ba su cewa babu mai laifi. Cewa suke an ci haƙƙin jama'a, kowa da rabonsa, kuma rabon mai gari da dattawan da suka san inda iyaka take suka yi shiru ya fi na yaron da ya tarar da gona a haka. Kaifin antibiyotik burtali ne. Na kowa ne, har da waɗanda ba a haifa ba, kuma da kunya ɗai-ɗai ake cinye shi. Ma'aunin da muke auna wancan da shi ya isa ya auna wannan: alhaki gwargwadon sani ne da gwargwadon iko.

In aka bi wannan ma'auni, Inna tana can ƙarshen layi. Hukumomin da ke da sani da iko, waɗanda ya kamata su tsare iyaka daga jabun magani, su kusanto da likitan dabbobi, su sa a rubuta gargaɗin kwalba da harshen da mai akuya ke ji, suna gaba. To ni fa? A tsakar gidan nan ranar, mutum ɗaya ne ya san abin da ke rubuce. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ladabi ne ya hana ni magana, yaro ba ya gyara wa manya a gaban baƙo. Da na zauna na yi wa kaina adalci, sai na ga ladabin nan farashinsa jika 35 ne.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa wa kaina: da ka yi magana, sai me? Ragon ya mutu a turke, jika 55 ta bi ruwa, kai kuma ka rasa rajista. Adalci ne a ce matar da ba ta da komai sai rago guda ita za ta biya kuɗin kare lafiyar mutanen da ba ta sani ba? Ba adalci ba ne. Shi ya sa nake ganin wa'azi kaɗai ba zai yi ba. Duk tsarin da ya tilasta wa talaka zaɓi tsakanin cikinsa da gaskiyarsa, tsarin ne farkon mai laifi. Sai an rage wa gaskiya tsada. Rigakafin dabbobi da gwamnati ke yi kyauta kowace shekara yana rage ciwon tun daga tushe, wanda bai yi ciwo ba kuwa ba ya buƙatar allura. Matan da ke turka sun iya adashe tun kafin a haife mu. Ƙaramin asusu a tsakaninsu na rage asarar wadda dabbarta ta faɗi zai sa jira ya zama abin da za a iya.

Duk da haka tsadar gaskiya ba ta wanke ni ba. Abin da na yi shi ne na yanke hukunci a madadin Inna. Na ƙaddara a raina cewa ba za ta iya ɗaukar maganar ba, ko kuma, in na faɗi ainihin abin da ke ciki, na ji tsoron za ta iya. Da na faɗa mata, wataƙila ta sayar duk da haka, kuma ba ni da bakin zarginta. Wataƙila ta gaya wa mahaucin. Wataƙila ta haƙura. Ko wanne ta ɗauka, zaɓinta ne. Ni na ƙwace mata shi, na bar ta ta aikata cikin duhu abin da za ta so ta aikata cikin sani. Wannan raini ne, ko da an lulluɓe shi da kunya. Kuma ina jin shi ne laifin da ya fi yawa a tsakaninmu ƴan boko: an kashe dukiya an koya mana karanta ƙananan baƙaƙe, mun koma gida muna karantawa a zuci.

Jira kafin yanka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin dabbar da ta saba cin ƙazanta, wadda suke kira jallala, kuma da yawansu sun ce a tsare ta wasu kwanaki ana ba ta abinci mai tsabta kafin a yanka. Wato tunanin cewa abin da ya shiga cikin dabba yana bin namanta, kuma lokaci ne ke wanke shi, yana nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan garinmu. Suna kawai ya rage. Na gwada «kwanakin jira», ba wanda ya ɗaga kai. Ranar da na ce wa wasu dattawa a bakin kasuwa «dabbar da aka yi wa allura tana cikin idda, ba a yanka ta sai ta gama», sai da suka yi dariya har da tafa hannu. Ɗaya ya ce, «Kai ɗan lakkol, Allah ya shirye ka.» Amma ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Sun gane kwanaki ne ƙidayayyu, sun gane ba a tsallake su. In malamai sun ga kalmar ta yi nauyi, su ba mu wadda ta fi ta, mu dai a samu suna.

Sai dai iddar nan ragowar magani kaɗai take tsarewa. Bakterin da suka riga suka koyi dabara ba su ƙirga kwana. Su maganinsu rage allurar da ba ta da dalili, da tsabta. Wannan kuwa yana hannun kowannenmu tun yau. Wuƙar ɗanyen nama da katakonsa a ware su, ko a wanke da sabulu kafin su taɓa abin da ba za a dafa ba. Nama ya dahu har cikinsa. In kana sayen dabba ko nama ka tambaya ko an yi mata allura kwanan nan. Za a yi maka kallon mai iyayi sau ɗaya, sau biyu, amma tambayar da aka saba ji ita ke zama al'ada. Mu kuma da ke sayen kafso biyu a bakin ƙofar jami'a don mura, mu san cewa kunya ɗaya muke ƙarawa a gonarmu. In ka ji wani ya ce jikinsa ya saba da magani, gyara masa jimlar, ka gaya masa dalili.

Bana da na koma gida, na tarar da sabon rago a turke. Bayan sallar isha'i na zauna kusa da Inna na gaya mata komai: abin da ke jikin kwalbar, da cewa na karanta, da cewa na yi shiru. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, tana ta gyara wutar murhu. Can ta ce: «To da ka faɗa mini ran nan, da ka yarda ka zauna gida shekara guda?» Na buɗe baki na rasa abin cewa. Ta ce: «Ka gani. Ni ma ban san mi zan yi ba. Amma da ka faɗa.» Ta yi shiru kaɗan, ta ƙara da cewa: «Yaran kasuwar nan da suka ci, ai ɗiyan mutane ne.»

Da safe ta ce in binciko mata ranar da masu rigakafi za su zo yankinmu, in kuma rubuta mata lambar ma'aikacin kiwo da gawayi a jikin bangon ɗaki, da manyan baƙaƙe, inda jikanta zai iya karanta mata.